Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wizards of the Coast: Ku Nuna Wa Ke Cin Wa A Standard

Zuwa ga sashen Play Design, da duk masu hannu a jerin katunan da ake haramtawa a wasan Magic: The Gathering,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya.

Ranar 10 ga Nuwamba 2025 kun haramta Vivi Ornitier da Screaming Nemesis da Proft's Eidetic Memory a tsarin Standard, wato tsarin gasa da ake bugawa da katunan 'yan shekarun baya-bayan nan kawai. Da farko ranar 24 kuka sa, sai kuka matso da ita, kuma kun kyauta. Amma in aka haɗa da kati bakwai da kuka cire ranar 30 ga Yuni, kati goma ke nan cikin ƙasa da wata biyar. Ban ɗauki alƙalami don in nemi a ƙara na goma sha ɗaya ba. Abin da ya dame ni shi ne ma'aunin da ake auna lafiyar fage da shi. Ana yawan kallon kashi nawa ne na 'yan wasa suka riƙe ƙunshi kaza (ƙunshi shi ne jerin katunan da ɗan wasa ya haɗa don bugawa), da kashi nawa yake ci a jimlace. Waɗannan lambobi biyu suna da amfani, sai dai tambayar da ɗan wasa yake yi wa kansa daren jajibirin gasa daban ce: wannan ƙunshin da kowa ke tsoro, wa ke cin sa?

Kun fi ni sanin yadda abin ya ginu tun 1993. Mai farmaki yana zuba ƙananan halittu masu araha, yana so ya cinye makin rai 20 na abokin karawa kafin wancan ya gyara zama. Mai haƙuri, wanda muke ce wa kwanturol, yana kashewa, yana sokewa, yana share fage, har sai hannun abokin karawa ya bushe, sannan ya sauke babban abu guda ya gama. Ɗan tsaka-tsaki yana da halittun da suka fi na mai farmaki ƙwari, don haka yana tare shi ya danne. Mai haɗi, wato kombo, bai damu da kowa ba, kati biyu ko uku yake nema ya haɗa ya tashi wasan. A bisa al'ada ɗan tsaka-tsaki yana cin mai farmaki, mai haƙuri yana cin ɗan tsaka-tsaki saboda ya fi shi dogon numfashi, mai farmaki kuma yana shammatar mai haƙuri da mai haɗi kafin su shirya. Ba doka ba ce, kuma kowane zamani yana lanƙwasa ta. Amma ita ce take sa fage ya gyara kansa ba tare da kun sa hannu ba. Zubi ɗaya, wato salo ɗaya daga cikin waɗannan, ya yi yawa a wannan makon, mako mai zuwa masu cin sa su fito, gaba da gabanta.

Inda wannan ya lalace shi ne lokacin da zubi ɗaya ya sami makamin da ya kamata a ce na maƙiyinsa ne.

Ku ɗauki jan ƙunshin farmaki na 2025. Maganin mai farmaki tun asali uku ne: ka tare shi da halitta, ka kashe abin da ya sauke, ko ka ƙara makin ranka. Monstrous Rage, kati mai mana ɗaya (mana shi ne kuɗin sauke kati a cikin wasan), ya kashe na farko. Ka ajiye halitta mai ƙwari don ta tare, sai a ƙara wa mai kawo hari ƙarfi 3 da ikon ratsawa, ragowar dukan ya wuce kanka, kuma wani ɓangare na ƙarin ya zauna a jikinsa dindindin. Heartfire Hero ya raunana na biyu, domin in ka kashe shi bayan ya kumbura, mutuwarsa ma duka ce a kanka daidai ƙarfinsa. Screaming Nemesis kuwa ya rufe na uku: duk ɗan wasan da ya taɓa da irin dukansa na ramuwa, ba zai sake ƙara rai ba har a tashi wasan. Kowane ɗaya daga cikinsu, shi kaɗai, kati ne mai daɗin bugawa. Amma ku dube su a jere. Ƙofa uku ce ake bi a kama mai farmaki, kuma kun buga wa kowace ƙofa kwaɗo.

Cori-Steel Cutter ya fi su duka nuna abin da nake nufi. Raunin mai farmaki shi ne numfashinsa gajere ne. In aka share masa fage a zagaye na huɗu da Day of Judgment, ya tashi da kati ɗaya ko biyu a hannu, shi ke nan. Wannan cinikin shi ne adalcin zubin: ka sami gudu, ka rasa juriya. Sai ga kayan aiki mai mana biyu wanda ba halitta ba ne, don haka katin share fage ba ya taɓa shi, kuma duk zagayen da mai shi ya buga kati na biyu sai ya haifar masa da sabuwar halitta, ta ɗauki makamin ta kai hari nan take. Na ga wasa irin wannan ba sau ɗaya ba: mai haƙuri ya yi duk abin da littafi ya ce, ya kashe ta farko, ya share fage a kan lokaci, ya jingina da kujera yana jin ya tsira. Abokin karawa ya buga ƙaramin katin jan kati, ya bi shi da wani, sabuwar halitta ta fito da gudu da ikon ratsawa, aka koma inda aka fara, sai dai yanzu hannun mai haƙurin ne ya bushe. Ga Stock Up kuma yana cika wa mai farmakin hannu da kati biyu daga cikin biyar. Ƙunshin da ya fi kowa gudu ya zama kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa juriya. To wa zai ci shi?

Amsar ta fito a Pro Tour na Final Fantasy a Las Vegas cikin Yunin 2025. Sama da kashi 40 na mahalarta Izzet Prowess, ƙunshin shuɗi da ja mai ɗauke da Cutter, suka riƙe. Takwas ɗin ƙarshe: Izzet Prowess huɗu, jan farmaki zalla huɗu, Ken Yukuhiro ya ɗauki kofin da ja. Ƙwararrun duniya sun yi makonni suna neman abin da zai ci waɗannan biyun, kuma abin da suka samo bai kai ko ɗaya daga kujeru takwas ba.

Bayan haramcin Yuni an gudu ba a tsira ba. Vivi Ornitier da Agatha's Soul Cauldron suka gaji kujerar, da irin cutar nan dai. Maganin halitta mai haɗari shi ne a kashe ta. Amma in Vivi ya faɗa kabari, inda matattun kati ke taruwa, tukunyar, wato Cauldron, ta ɗauke shi, sai duk halittar da ke da alamar ƙarin ƙarfi ta gaji ikonsa na samar da mana. Ka kashe shi ka taimaki mai shi, ka bar shi ya girma ya kashe ka. Ƙunshin yana iya buga wasan tsaka-tsaki na yau da kullum, in dama ta samu kuma ya fashe kamar kombo a zagaye guda. Wanda ya shirya wa fuska ɗaya, ɗayar ta cinye shi.

Ba yau aka fara ba, kuma tarihin naku ne. Oko, Thief of Crowns ya fito cikin Throne of Eldraine a farkon Oktoban 2019, aka haramta shi 18 ga Nuwamba, bayan gasar Richmond inda kusan kashi 70 na mahalarta suka zo da shi. Abin da ya fi wannan adadin faɗar gaskiya shi ne Noxious Grasp, katin da aka yi don zaman benci (katunan ajiya da ake shigowa da su tsakanin wasa da wasa) saboda launi biyu kawai yake kashewa, ya koma cikin ainihin kati 60 na mutane. In ka ga katin benci ya zama ɗan wasan farko, fagen ya riga ya karkace. Kuma a rana ɗaya kuka haramta Veil of Summer, wanda laifinsa shi ne da mana ɗaya yana ɓata duk wani yunƙurin katunan baƙi ko shuɗi na maganin ƙunshin kore, har ya ja wa mai shi kati a kai. Ashe kun san wannan darasi tun lokacin: abin da ya fi kati mai ƙarfi haɗari shi ne katin da ke kare shi daga maganinsa.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake cewa jimlar nasara tana ruɗi. Misali ne kawai, lissafin kowa zai iya yi. A ce ƙunshi yana cin kashi 55 a kan duk sauran, kuma shi ne kashi 40 na fage. Duk karon da ya yi da irinsa rabi da rabi ne dole, domin ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi. Jimlarsa sai ta sauko zuwa 53. Yana ƙara mamaye fage, lambarsa tana ƙara matsowa kusa da 50, wato cutar tana tsananta, awon yana nuna sauƙi. Ko an cire karo da irinsa ma, akwai sauran ruɗi biyu. Ƙunshin da ya yi suna kowa ke ɗauka, har wanda jiya ya fara, kuma kurakuran sababbin hannu suna jan lambar ƙasa. Sannan sauran fagen duk sun karkata kansu don su yaƙe shi, sun cika benci da maganinsa, sun bar katunan da za su so bugawa. Ƙunshin da ke cin kashi 52 alhali duniya duka ta taru a kansa, ba daidai yake da mai cin 52 da ba wanda ya kula da shi ba.

Akwai kuma wata matsalar ta ɗaya gefen, wadda ba a cika magana a kanta ba saboda a takarda tana kama da lafiya. A ce zubi uku ne a fage, kowanne yana cin ɗaya da kashi 80, ɗayan kuma yana cin sa da kashi 80. Kowa jimlarsa 50. Rabon fage daidai wa daida. A jadawali ba abin da ya fi wannan kyau. Amma a teburi, an gama wasan tun lokacin da aka liƙa sunayen wa zai kara da wa. Ka zauna, ka ga filin farko (katin da ke ba da mana) da abokin karawa ya sauke, ka san yadda minti 50 ɗinka za su ƙare. Tsarin cin biyu cikin uku ma yana ƙara faɗaɗa tazarar: mai rinjayen kashi 55 a wasa guda yana cin karawar da kusan 57, mai 60 yana ci da kusan 65, mai 70 kuwa da 78. Fagen da nake so shi ne wanda mafi yawan karo ke tsakanin 45 da 55, ƙalilan su kai 60 da 40, inda sanin lokacin da za ka riƙe katin kisa da lokacin da za ka sake shi zai iya juya sakamako. Ba za a iya bambance waɗannan fage biyu da jimlar nasara ba. Sai da jadawalin karo, zubi da zubi.

Kuma kun taɓa ba mu shi. Sanarwar 15 ga Janairu 2018, wadda Ian Duke ya rubuta, har yau ita ce mafi kyawun abin da kuka fitar a wannan fanni. Kun kawo alƙaluman Magic Online kuka nuna yadda Temur Energy ke yi da kowane babban ƙunshi. Jimlarsa kaɗan ta haura rabi, amma kun nuna cewa waɗanda aka gina don su ci shi suna cin wasan farko ne kawai, da zarar an shigo da katunan benci sai ya ƙwace rinjayen. Sannan kuka nuna cewa Ramunap Red ya fi shi cin sauran fage, Temur ne kaɗai ke riƙe da wuyansa, don haka in an raunana Temur aka bar ja, an sauya sarki ne kawai. Shi ya sa Ramunap Ruins da Rampaging Ferocidon suka tafi tare da Attune with Aether da Rogue Refiner. Mutane da yawa ba su ji daɗin cire Ferocidon ba, ku ma kun dawo da shi a 2019. Amma gardamar da aka yi a lokacin gardama ce a kan hujja da kowa ya gani da idonsa. Irin wannan tunanin ne ya sa Reflector Mage ya bi Emrakul da Smuggler's Copter a Janairun 2017, sai dai a can ba ku baje lissafin haka ba, shi ya sa har yau ake yi muku dariyar wannan hukuncin.

Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne babba. Duk sanarwar haramci, ko da ta “babu canji” ce, ta zo da jadawalin karo na manyan zubi takwas ko goma. A raba wasan farko da na bayan benci. A raba wanda ya fara da wanda ya bi baya, domin a fage mai gudu irin na 2025 ƙuri'ar wa zai fara tana iya fin zaɓin ƙunshi nauyi, kuma ku kaɗai ke da adadin wasannin da zai nuna girman abin. A raba wasa-ɗaya na Arena, manhajarku ta buga wasan, da biyu-cikin-uku, tun da ku da kanku kun yarda wasanni ne daban: kun haramta Nexus of Fate a wasa-ɗaya kaɗai a 2019, kuka maimaita da Leyline of Resonance a 2024.

Na san abin da za ku ce. In an saki alƙaluma, 'yan wasa za su warware fagen da wuri, kowa ya ruga ga ƙunshi ɗaya. Wannan tsoron yana da tushe a da. Yau kuwa Frank Karsten yana fitar da rabon fage da adadin nasara a shafinku na gasa, manhajojin bibiya suna tattara wasannin Arena, manyan ƙungiyoyin ƙwararru suna da nasu jadawalin na cikin gida. Wanda ɓoyewar ke cuta shi ne ɗan wasa na tsaka, wanda zai sayi ƙunshi guda ya zauna da shi. Ƙari a kan haka, jadawali ba ƙunshin da ya fi ƙarfi kaɗai yake nunawa ba, yana nuna inda yake da rauni. Sau da yawa maganin yana nan a wani ƙunshi da kashi biyu kacal ke bugawa, ba wanda ya lura.

Na biyu ya shafi ɗakin gwaji. An kafa sashenku a 2017, shekarar da aka haramta Felidar Guardian kwana biyu da fitar sanarwar da ta bar shi. Aikin ya ninka tun daga lokacin. A Mayun 2023 kun mayar da zaman kati a Standard shekara uku maimakon biyu, a 2025 kuma bugu shida suka shigo. Kowane sabon kati yanzu yana haɗuwa da dubban da suka riga shi. Agatha's Soul Cauldron na 2023 ne, Vivi na 2025. A tsohon tsari da ƙyar za su yi 'yan watanni tare. Haka Abuelo's Awakening ya zauna shiru har Omniscience ya shigo ta bugun Foundations, sai ga shi ana tayar da kati mai mana goma a zagaye na huɗu. Ba mai hankalin da zai ce ku hango kowace haɗuwa. 'Yan wasan Arena suna buga abin da ya fi gwajinku na shekara a kwanakin farko. Amma akwai tambaya guda da ba ta buƙatar wasa dubu: wannan katin, me ke maganinsa, kuma shin rubutun da ke jikinsa ya riga ya kashe maganin? Da an yi wa Nemesis da Cutter wannan tambayar da gaske, da an rage wa kowanne layi ɗaya. Kuma mun ji bayanin da Michael Majors ya yi a 2024 kan Nadu, Winged Wisdom, cewa an sauya katin a ƙurarren lokaci, siffarsa ta ƙarshe ba ta sha gwaji ba. Na yaba da faɗin gaskiyar. Can tsarin Modern ne, ba Standard ba, amma ɗakin ɗaya ne.

Sai maganar magunguna masu araha. Cut Down da Temporary Lockdown suna cikin abin da ya riƙe masu farmaki, kuma sun fita tare da Dominaria United a sauyin 2025, alhali da yawa daga cikin abin da suke magani sun zauna. Kun ce Foundations zai kasance a Standard har aƙalla 2029. To nan ne wurin da ya dace a kafa ƙasan fage: kowane launi ya sami amsa mai mana ɗaya ko biyu ga halitta, ga kayan aiki, ga kabari, wadda ba za ta fita ba. In barazana tana sauka a zagaye na biyu tana kuma ba da riba nan take, amsar da ke jiran zagaye na huɗu ado ce.

Game da lokacin haramci ba zan tsawaita ba. Manufar 2023 ta yin babban haramci sau ɗaya a shekara an yi ta ne don mai sayen kati ya sami kwanciyar hankali, kuma niyyar mai kyau ce. Amma wanda ya sayi ƙunshin da ba ya iya cin wasa na wata huɗu shi ma ya yi asara, ba a dai rubuta tasa a sanarwa ba. In jadawali ya nuna ƙunshi ba shi da mai cin sa bayan fage ya yi makonni yana gwada magani, jiran ranar kalanda ihu ne bayan hari.

Abu ɗaya kuma da ba na so ku ɗauka daga wannan wasiƙa: cewa a kashe mai farmaki. Fagen da ba shi da jan ƙunshi mai cizo yana zama dandalin masu tara filaye da masu jan kati, kowa ya yi zagaye biyar bai taɓa kowa ba, kamar yadda aka gani a zamanin Field of the Dead. Up the Beanstalk da kuka cire a Yunin 2025 ma shaida ne cewa ɗaya ɓangaren yana da nasa laifin, domin shi ya hana 'yan tsaka-tsaki numfashi, su da ya kamata su zama masu kama ja. Da kun fito da jadawalin tun farkon shekarar, ina kyautata zaton da kowa ya ga cewa tsakiyar fagen ce ta rushe, an matse ta daga sama da ƙasa, kuma da gardamar ta koma kan yadda za a dawo da ita tun kafin a kai Las Vegas.

Sanarwa ta gaba, don Allah, ku haɗo mana da jadawalin.

Naku,
Wani ɗan wasan Standard